Baka Biyu da Tsarin Aiwatar da Lissafi a Harshen APL: Sharhi a kan Ƙa'idar Iverson

1.0 Gabatarwa

Duk yaron da ya zauna ajin lissafi a firamare an koya masa cewa idan aka ba shi 2×3+4, sai ya fara ninkawa kana ya tara, ya sami 10. Wannan ita ce ƙa'idar da malamanmu ke taƙaitawa da sunan BODMAS. Amma idan aka shigar da wannan furuci a harshen kwamfuta da ake kira APL, amsar da za ta fito ita ce 14. Da gangan aka tsara haka, kuma wanda ya tsara shi masanin lissafi ne da ya san abin da yake yi.

A wannan takarda za mu yi ƙoƙari mu auna wannan ƙa'ida, musamman ta fuskar aikin da ta bar wa alamar baka biyu, watau ( ), wadda daga nan za mu riƙa kira baka kurum. Ra'ayinmu shi ne, ita ƙa'idar tana da hujjoji masu ƙarfi, amma abubuwa biyu da aka saba faɗa wa ɗalibai game da ita ba su cika zama gaskiya ba: cewa abin da ke cikin baka shi ake fara yi, da kuma cewa babu fifiko ko kaɗan a harshen.

1.1 Kalmomin da Muka Zaɓa

Mun ari kalmomin nahawu don sauƙin bayani. Alamar da ke aikata wani abu, kamar + ko ×, mun kira ta aikatau. Abin da aikin ya faɗa wa mun kira shi karɓau, akwai na dama, akwai na hagu. Alamar da ke sauya halin aikatau, kamar /, mun kira ta bayanau. Shirin da ke karanta furuci ya aiwatar da shi kuwa, tafinta. Shi kansa Iverson haka ya yi a harshensa na baya mai suna J, inda ya kira sassan harshen da sunayen azuzuwan kalmomi.

2.0 Asalin Ƙa'idar

Kenneth Iverson mutumin Kanada ne, an haife shi a 1920, ya rasu a 2004. Ya fara tsara rubutun lissafinsa yana koyarwa a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya koma kamfanin IBM a 1960, sa'an nan a 1962 ya buga littafinsa A Programming Language, wanda daga haruffan farko na sunansa aka sami APL. Shi da abokin aikinsa Adin Falkoff da wasu suka mai da rubutun ya zama harshe mai aiki a na'ura, watau APL\360, a 1966. An ba Iverson lambar yabo ta Turing a 1979.

Abin da ya bambanta APL da harsuna irin su FORTRAN shi ne yana aiki a kan jerin lambobi gaba ɗaya. Alal misali, 1 2 3+10 zai ba da 11 12 13 kai tsaye. Ƙa'idar aiwatarwarsa kuma ɗaya ce tak: kowane aikatau yana ɗaukar dukkan abin da ke damarsa a matsayin karɓau na dama, amma daga hagu ba ya ɗaukar komai sai abu guda da ke maƙwabtaka da shi. Saboda haka:

(1) 2×3+4 daidai yake da 2×(3+4), watau 14
(2) (2×3)+4 kuwa 10 ne

Daga nan za a ga cewa bakan da ke ƙarshen dama, irin na misali (1), bai ƙara komai ba. Inda ake bukatar baka shi ne inda karɓau na hagu ya wuce abu guda. Wannan shi ne ainihin aikinsa a APL: faɗaɗa abin da aikatau zai kama daga hagu.

3.0 Hujjojin da Suka Tsaya da Ƙafafunsu

3.1 Yawan Aikatau

Ƙa'idar makaranta an gina ta ne domin aikatau ƙalilan: tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa, da ɗagawa, watau ninka lamba da kanta. APL kuwa yana da gommai, har da masu juya jeri, masu yanko wani sashensa, masu kwatanta abu da abu, ban da waɗanda mai tsara shiri zai ƙirƙiro da kansa. Idan aka ce kowanne sai an ba shi matsayi, wa zai iya haddace su? Iverson ya kawo wannan hujja tun 1966, kuma abin da ya biyo baya ya gaskata shi. Jadawalin fifiko na harshen C yana da hawa 15, kuma ƙwararru da yawa ba sa amincewa da haddarsu, sai su cika furuci da baka don kariya.

Bugu da ƙari, ita kanta ƙa'idar makaranta ba ta da baki ɗaya kamar yadda ake zato. Idan aka ɗaga 2 zuwa 3 zuwa 2, Excel zai ba da 64, Python kuwa 512. Haka nan Excel yana ɗaukar -3^2 a kan 9, alhali littattafan aljabara suna ɗaukarsa a kan tara ƙasa da sifiri. APL ya kashe wannan gardama ta biyu da alamu biyu dabam: ¯3 lamba ce ƙasa da sifiri, alamar ¯ ɓangaren lambar ce, amma - aikatau ne da ke kama duk abin da ke damarsa. Don haka ¯3+5 zai ba da 2, -3+5 kuwa ¯8.

3.2 Me Ya Sa Daga Dama?

Ana iya soke fifiko a bi daga hagu, kamar yadda harshen Smalltalk da ƙananan na'urorin lissafi na aljihu ke yi, inda 2+3×4 ke ba da 20. Dalilin da ya sa Iverson ya zaɓi dama shi ne, tun asali haka masana lissafi ke karanta aikatau masu karɓau ɗaya: a f g x, g ne ke fara aiki a kan x, kana f. Abin da ya yi shi ne ya shimfiɗa wannan al'ada a kan sauran. Kuma ribar ta fito fili a misalai irin waɗannan:

(3) 3+X×4+X×5
(4) -/1 2 3 4

Misali (3) hanyar Horner ce ta lissafin 3+4x+5x², an rubuta ta ba baka ko ɗaya. Idan X ya zama 2, amsa 31 ce. A misali (4), bayanau / yana cusa alamar ɗebewa tsakanin lambobin, a sami 1-2-3-4. Da za a bi daga hagu, da ba a sami wani abin kirki ba illa ɗebe sauran daga na farko. Amma daga dama sai a sami ¯2, watau daidai da 1-2+3-4 na makaranta, jimillar da alamunta ke karɓa-karɓa, wadda ake yawan bukata a lissafi mai zurfi.

3.3 Shaida Daga Hausa

Akan ce ƙa'idar ta saɓa wa tunanin ɗan Adam. Mu a ganinmu ta saɓa wa sabo ne kawai, kuma Hausa tana ba da shaida. Dubi wannan yankin suna:

(5) rabin kuɗin amfanin gonar mahaifin Audu

Daga hagu muke faɗarsa, daga hagu muke fahimtarsa, amma wanda zai fitar da adadin dole ya fara sanin Audu, sa'an nan mahaifinsa, sa'an nan gonar, har ya iso ga rabin. Kowace kalma mai ɗauke da -n ko -r ta mallaki dukkan abin da ya biyo bayanta. Wannan shi ne ginin furucin APL sak.

Har wa yau, a ƙidayarmu muna amfani da tsarin biyu duka. "Ɗari biyu da biyar" 205 ne, an ninka kana aka tara, irin na makaranta. Amma "naira dubu ashirin da biyar" a kasuwa 25,000 ce, watau 1000×20+5 a karatun APL. Wanda ke nufin 20,005 sai ya sake ambaton kuɗin, ya ce "naira dubu ashirin da naira biyar". Wannan maimaici shi ne bakansa. Ashe ke nan babu ɗaya daga cikin tsarin biyu da aka haifi mutum da shi.

4.0 Inda Muke da Ja

4.1 Kuskure Maras Ƙara

Abu na farko da za a tuhumi ƙa'idar da shi shi ne ta ari alamun makaranta ta sauya musu hali, ba tare da ta sauya musu kama ba. Mai karatu yana ganin abin da ya sani, alhali ba shi ba ne. A ce ɗan kasuwa yana da 100, ya kashe 20, ya kuma kashe 30:

(6) 100-20-30 a makaranta 50, a APL 110
(7) 100-20+30 a makaranta 110, a APL 50

Kowane furuci daidai yake a nahawun harshen, don haka tafinta ba zai yi ƙorafi ba. Haka nan wanda ya mance baka wajen mai da ma'aunin zafi na Farenhait zuwa Selsiyas, ya rubuta F-32÷1.8 maimakon (F-32)÷1.8, zai ga ruwa na tafasa a kan 194.2 maimakon 100. Wannan kam mai lura zai gane. Wanda ya fi haɗari shi ne irin wannan:

(8) A>0∧B>0

Alamar ∧ tana nufin "kuma", 1 gaskiya, 0 ƙarya. Mai rubutu yana son ya tambaya ko A da B duka sun haura sifiri. Idan A 5 ne, B kuma 3, amsa 1 za ta fito, ya ɗauka shirinsa lafiya lau. Amma abin da tafinta ya yi shi ne ya gwada B>0, ya haɗa sakamakon da 0 ya sami 0, kana ya tambaya ko A ya fi wannan 0. Watau B bai taɓa shiga hukuncin ba. Ranar da B ya zama ¯3, amsar dai 1 ce za ta fito. Idan wannan layi shi ne ke tantance wanda za a biya da wanda za a hana, to, ɓarnar tana iya daɗewa ba a farga ba, kuma kamfanonin inshora da na hada-hadar kuɗi suna cikin manyan masu amfani da APL. Daidaitaccen rubutu shi ne (A>0)∧B>0.

A harshen jeri kuma kuskuren bai tsaya ga adadi ba, yana taɓa siffar amsar. Alamar ⍳ tana ba da lambobi daga 1 zuwa adadin da aka ba ta. ⍳3+1 zai ba da 1 2 3 4, lambobi huɗu, (⍳3)+1 kuwa 2 3 4, lambobi uku.

Edsger Dijkstra na ƙasar Holan ya yi wa APL suka mai zafi a 1975, inda ya ɗauki harshen kacokan a kan kuskure. Ba mu bi shi har can ba. Duk misalan nan na sabon shiga ne, kuma sabo yana maganinsu. Sai dai wajibi ne a yarda cewa sauƙin ƙa'ida a takarda bai hana ta tsada a aji ba.

4.2 Baka Ba Ya Sarrafa Lokaci

Nan ne gundarin sharhinmu. An saba gaya wa ɗalibi cewa baka a APL yana aiki kamar yadda ya saba, watau abin da ke ciki shi ake fara yi. Wannan magana ta cakuɗa abubuwa biyu: wane yanki ne na wane aikatau, da kuma wane yanki ake fara aiwatarwa. A lissafin allo bambancin ba ya fitowa, domin lamba ba ta sauyawa don an jinkirta ta. A kwamfuta kuwa yana fitowa, domin akwai furucin da ke buga abu, ko ya karanta, ko ya sauya darajar suna. Alamar ⎕← tana buga abin da aka ba ta, ta kuma miƙa shi gaba. To, dubi wannan:

(9) (⎕←1)+⎕←2

Bisa koyarwar makaranta, 1 ya kamata ya fara bayyana, tun da shi ne a cikin baka. Abin da tafinta irin Dyalog APL zai buga shi ne 2, kana 1, kana jimillarsu 3. Tafinta ya taso daga dama kamar kullum, bai shiga bakan ba sai da ya iso gare shi. Idan akwai baka biyu ko uku a layi ɗaya, na dama ake fara buɗewa. Abin da bakan ya tabbatar kawai shi ne za a gama abin da ke cikinsa kafin aikatau na damarsa ya yi aiki.

Wannan yana da amfani a aikace. Mai tsara shiri yana iya ba suna daraja a dama ya yi amfani da shi a hagu cikin layi ɗaya, kamar X×X←3, a sami 9. Amma wanda ya juya, ya rubuta (X←3)×X yana zaton baka zai sa a fara naɗin, ya dogara ga abin da bakan bai yi masa alkawari ba. Don haka muke ganin ya fi dacewa a daina cewa "a fara da na cikin baka", a ce "baka yana mai da yanki abu guda".

Akwai kuma inda baka ba ya sauya amsa amma yana sauya yawan aiki. Alamar ⍴ tana ba da tsawon jeri. Idan X ya zama 3 5 10, to (+/X)÷⍴X da +/X÷⍴X duka za su ba da matsakaici, watau 6. Na farko ya tara kana ya raba sau ɗaya. Na biyu ya raba kowace lamba kana ya tara. Idan jerin lambobi miliyan ne, rabawa miliyan ke nan a madadin ɗaya.

4.3 Fifiko Bai Mutu Ba

Magana ta biyu da ke bukatar gyara ita ce cewa APL ba shi da fifiko. Gaskiyar ita ce babu fifiko tsakanin aikatau da aikatau. Amma bayanau yana kama aikatau kafin aikatau ya kama karɓau, shi ya sa ake karanta +/X a kan (+/)X. Kuma bayanau yana da doguwar kamawa ta hagu, akasin aikatau. Lambobin da aka jera da fili tsakaninsu suna haɗuwa kafin komai, shi ya sa 1 2 3+10 bai zama 1 2 13 ba. Baka mai kusurwa, [ ], wanda ake ciro wani abu daga jeri da shi, shi ma yana riga aikatau kamawa.

Da IBM ta fito da APL2 a 1984, inda jeri ke iya ƙunsar wasu jeri kuma ake iya jera sunaye kamar yadda ake jera lambobi, sai da littafin jagorarsa ya kawo jadawalin ƙarfin kamawa mai hawa-hawa. Har ma tafintoci suka saɓa: A B[2] a APL2 yana nufin A (B[2]), a Dyalog kuwa (A B)[2]. Jadawalin da aka kora daga tsakanin aikatau ya sake kafuwa tsakanin azuzuwan alamu. Lalle ya fi na C gajarta da tsari, amma yana nan, kuma ɓoye shi ga ɗalibi ba taimako ba ne.

4.4 Sabon Nauyi a kan Baka

A 1989 Iverson da Eugene McDonnell suka gabatar da wata dabara ta jera aikatau uku ba tare da karɓau ba, su zama aikatau guda. Ta shiga harshen J, wanda Iverson da Roger Hui suka fito da shi a 1990, ta kuma shiga Dyalog a 2014. Alamar ≢ tana ƙidaya abubuwan da ke cikin jeri:

(10) (+/÷≢)3 5 10 zai ba da 6
(11) +/÷≢3 5 10 zai ba da 0.3333333333

A misali (10) an tara jerin, an ƙidaya shi, an raba wancan da wannan. A misali (11) an ƙidaya an sami 3, an raba 1 da 3, shi ke nan. A nan bakan ya wuce faɗaɗa karɓau na hagu, ya sauya nahawun da ake karanta abin da ke cikinsa da shi ɗungurungum. Dabarar tana da kyau, tana kuma gajarta rubutu ƙwarai. Amma daga ranar da ta shigo, ba a iya cewa ƙa'ida ɗaya ta wadatar wajen karanta kowane layi.

4.5 Gudun Baka

Daga ƙarshe, akwai wata ɗabi'a tsakanin ma'abota harshen ta ɗaukar baka a kan alamar rashin ƙwarewa. Akwai bayanau ⍨ da ke musanya karɓau na hagu da na dama, don haka ana iya rubuta 1.8÷⍨F-32 a madadin (F-32)÷1.8. A dogon layi wannan yana da amfani, domin yana hana ido tsalle gaba da baya. Amma idan rage baka ya zama gasa, sai a sami layin da mai shi ma ba ya iya warwarewa bayan wata guda. Iverson ya kira rubutu kayan aikin tunani a laccarsa ta karɓar lambar Turing. In haka ne, duk bakan da ya sauƙaƙa wa mai karatu ya biya kuɗin zamansa, ko da tafinta bai bukace shi ba.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa soke fifiko tsakanin aikatau shawara ce mai hujja, ganin yawansu, kuma zaɓin dama ya dace da al'adar lissafi, ya kuma dace da ginin yankin suna na Hausa. Harsunan da suka biyo baya, J da K na Arthur Whitney da BQN, duk sun riƙe ta. Abin da muka soka shi ne yadda ake gabatar da ita. Baka a APL yana haɗa yanki ya zama abu guda, ba ya ja da shi gaba a lokaci. Fifiko kuma yana nan tsakanin azuzuwan alamu.

Saboda haka muna ba masu koyarwa da masu rubuta littattafan wannan fanni da Hausa shawara uku. Su fara da misali irin na (5) da na "dubu ashirin da biyar", domin ɗalibi ya ga cewa ya riga ya san tsarin a bakinsa. Su nuna masa misali (8) da (9) tun makon farko, kafin sabon BODMAS ya yaudare shi. Su kuma ba shi jadawalin ƙarfin kamawa na tafintan da yake amfani da shi, a fili, ba tare da an ce masa babu shi ba.